Awon Tudun Mai Zuma

Edmonton

Ranar Asabar ce, cikin hunturun bara. Ina idar da sallar asuba na zura rigar sanyi a kan hijabi, na sa takalman Malam na hawa tudu da safa bibbiyu don sun yi mini yawa, na rataya sandarsa ta awo a kafaɗa. Ni 'yar Haɗeja ce, ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma, ko bene ba na son hawa. Amma ga ni da shekaruna zan ƙetare Landan in je in auna tudu.

Bari in yi muku bayani, 'yan uwa na gida, don na san za ku ce Hajiya Asabe ta zare. Mijina Malam Garba mutumin Rano ne, kuma safiyo ne, mai awon ƙasa, tun yana saurayi. Da muka zo ƙasar nan takardunsa ba su yi masa rana ba, gadin kanti ya yi har ya ajiye aiki. Can ya haɗu da wasu tsofaffin Turawa waɗanda ba su da abin yi sai bin ƙananan tuddai suna aunawa suna jera sunayensu. Dokarsu ɗaya ce. Kowane ƙaramin tudu a manne yake da wani da ya fi shi, kuma a tsakaninsu akwai inda ƙasa ta lotsa, wanda Malam yake ce wa wuya. In daga wuya zuwa ƙololuwa an samu mita talatin, tudu ya ci sunansa, a sa shi a jeri tare da sunan wanda ya gano shi. In ba a samu ba, kafaɗar wani ce kawai. Na sha yi masa tsiya cewa a Rano irin waɗannan ko juji ba za a kira su ba.

Akwai wani tudu a bayan unguwar Lewisham da Malam ya nace taswira ta cuce shi. Ya yi ta sintiri can yana tambayar tsofaffin unguwar har ya samo sunan da suke kiransa da shi, Tudun Mai Zuma, don wani dattijo da ya taɓa kiwon zuma a gindinsa. Saura awo kawai, sai ciwon daji ya kama shi a huhu. Asibiti suka yi iya yinsu, suka maido mana shi gida da gado a falo. Abokinsa Mista Kolin, ɗaya daga cikin Turawan nan, ya ce zai kawo na'ura, amma dole sai da mai riƙe sanda. 'Yarmu Sadiya ce ta iya ba shi magani, don haka ni ce na rage.

Malam idonsa biyu lokacin da zan fita. Ya ce kada in bar sandar ta karkata, in riƙa duban ɗigon ruwan da ke jikinta ya zauna tsakiya. Na ce na ji, sau nawa za a faɗa mini? Na ja ƙofa da sauri don kada ya ga fuskata.

Daga Edmonton Green zuwa London Bridge

Jirgin ƙasa na Overground kusan fayau yake, daga masu komawa gida daga aikin dare sai ni. Wani Baturke mai gidan burodi ya dubi sandar, ya dube ni, ya matsa mini wuri. Har muka isa Liverpool Street gari bai waye ba, ga yayyafi mai shiga ƙashi.

A nan na hau bas zuwa London Bridge. Direban yana ganina ya washe baki ya ce, "Hajiya, ina ka ke zuwa da sanda haka?" Ɗan zangon Kumasi ne, da Hausarsu da ba ta raba mace da namiji. Na ce masa aiki maigida ya aiko ni, ba shi da lafiya. Ya ce Allah ya ba shi sauƙi, na ce amin. Da muka hau gada na hango kogi baƙi ƙirin, sai na tuna Malam duk sanda muka bi nan sai ya gaya mini ruwan ya ja ko ya cika, ni kuwa ban taɓa kulawa ba.

Lewisham

Jirgin Lewisham bai ɓata lokaci ba. Na tarar 'yan kasuwa suna ta kakkafa rumfuna, masu doya da masu kifi suna sauke kaya. Na shiga wani shago na sayi shayi mai tsada da ba shi da ɗanɗano, na sha don ɗumi kawai.

Mista Kolin yana bakin tasha cikin wata tsohuwar mota da ta cika da taɓo. Dogo ne siriri, ya haura saba'in, tsohon malamin makaranta, kuma da ƙyar ake jin maganarsa. Ya tambayi jikin Garba, na ce da sauƙi. Ya ce an zaɓi hunturu ne don sai bishiyoyi sun zubar da ganye ake iya hangen sanda daga nesa. Muka yi ta bin layuka masu hawa da gangara har gidaje suka fara sirancewa, ya ajiye motar a bayan wasu 'yan lambunan kabeji.

Tudun Mai Zuma

Da na gan shi sai da na ce, "Wannan ne?" Wani ɗan ƙullutu ne da bishiyoyi tsirara a kansa, ga ƙaya, ga wata tsohuwar katifa da wani ya yar a gefen hanya. Wannan ne abin da mutumin nan yake ambata ko cikin zafin ciwo.

Neman wuyan kaɗai ya cinye mana hantsi. Mista Kolin ya yi ta soka 'yan tutoci a wani fili mai ciyawa yana leƙawa ta na'urarsa mai ƙafa uku, har ya tabbatar da wurin. Daga nan aikin ya zama ɗaya: in tsaya da sanda, ya leƙa ya karanta lamba, ya ɗauki na'ura ya wuce ni, in juya masa fuskar sandar, ya sake karantawa, sannan ni ma in hau gaba. Haka muka yi ta yi kamar masu kai amarya. Yatsuna suka ƙage, ƙaya ta yage mini gefen zane, sau biyu ina zamewa. Amma ɗigon ruwan nan ban bar shi ya kauce ba, wallahi ko allura ban taɓa zura wa zare da irin wannan kula ba.

Azahar ta same mu a ƙololuwa. Ban tambaye shi ba ya ciro kamfas ya nuna mini alƙibla, ya shimfiɗa mini wata leda, ya juya baya ya tafi can nesa. Na gane haka yake yi wa Malam duk shekarun nan. A sujadar ƙarshe na roƙi Allah mita talatin, ban ji kunya ba.

Na yi zaton an gama, ashe sai an sake saukowa da awon har wuya don a ga ko lissafin ya rufe. Muka sauko. Ya zauna a kan wani kututture yana haɗa lambobi, ya haɗa ya sake haɗawa, ni ina tsaye a kansa. Tun kafin ya ɗago na gani a kafaɗunsa.

"Ashirin da tara da ɗigo takwas takwas," ya ce. "Bai kai ba."

Na tambaye shi nawa ya rage. Ya buɗe yatsunsa ya nuna mini, ko taƙi ɗaya bai cika ba.

To, ku kun san yadda muke yi a gida. Yaro ya faɗi jarrabawa da maki ɗaya, ka je ka sami malami. Layi ya rufe a gabanka, ka yi magana da mai ƙofa. Ba cin hanci ba ne, alfarma ce, kuma wanda ya hana ta a kan mara lafiya ba a ganinsa da mutunci. Na gyara murya na fara. Na ce masa shi da ni kaɗai ne a dajin nan. Na ce wa zai bar gidansa ya zo ya sake auna wannan ƙullutun? Na ce mutumin nan likita bai ba shi bazara ba, shekara ashirin yana tsaye a ƙofar kanti ba wanda ya san safiyo ne, layi ɗaya kawai yake so da sunansa a jiki. Daga ƙarshe sai na durƙusa a cikin taɓon nan, ni da ban taɓa durƙusa wa Bature ba.

Ya miƙe a rikice, fuskarsa ta yi ja, idanunsa sun ciko. Ya ce in na yarda mu sake aunawa gobe, ko jibi, sau nawa nake so.

Na ce, "In an sake, zai canza?"

"A'a."

"To ka rubuta talatin."

"Misis Garba, ba zan iya kai wa Garba lambar da ban auna ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gaya masa maganganu, wasu da Turanci, waɗanda suka fi zafi da Hausa. Na ce mutanen da ba su san zumunci ba sai lamba. Dambun naman da na ƙullo masa tun daga gida na mayar cikin jaka a gaban idonsa. Na ƙi shiga motarsa, na naɗe sandar na bi titi har na sami bas. Ya biyo ni a baya yana cewa ba zai buga wa Garba waya ba sai na fara gaya masa da bakina, ban ko waiwaya ba.

Hanyar dawowa

Ban san yadda na isa London Bridge ba. An soke tashin wani jirgi, mutane suna ta tsaki, ni ko a jikina. Abu ɗaya nake juyawa: tunda Baturen ba zai kira ba, ni zan ce ya kai. Jerin ba ya fitowa sai bayan watanni, kuma ni da likita mun san Malam ba zai gan shi ba. Na yi ta gwada maganar a bakina a cikin Overground, "Ya kai, Malam, har da ɗori." Na faɗa a raina ya fi a ƙirga, har ta fara yi mini kama da gaskiya. Duhu ya riga ya rufe lokacin da na sauka a Edmonton Green, lif ɗin gidanmu kuwa ya sake lalacewa, na hau da ƙafa ina haki.

Gida

Sadiya ta buɗe mini, ta dubi taɓon da ke gwiwoyina. Ta ce tun la'asar Baba ya hana a kunna talabijin, ya sa ta ɗaga masa gado don ya riƙa ganin ƙofa.

Na yi sallama na zauna a gefensa. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Bai ce sannu da hanya ba.

"Nawa?"

Na buɗe baki. Maganar da na haddace tun daga Lewisham tana kan harshena, amma idanun nan suna kaina, irin kallon da yake yi wa sanda. Na ji kaina ina cewa, "Ashirin da tara da ɗigo takwas takwas."

Ya rufe ido. Ya daɗe haka, har na ga hawaye ya gangaro ya shiga kunnensa. Na riƙe hannunsa ina jin kamar ni na rage wa tudun tsawo. Can ya tambaya ko mun rufe awon, na ce mun hau mun sauko. Ya tambaya ko sandar ta karkata, na ce ko sau ɗaya. Ya gyaɗa kai. Sai ya buɗe ido ya dubi gwiwoyina.

"Asabe, kin nemi alfarma, ko?"

"Na nema."

"Ya yi?"

"Ya ƙi."

Sai ya fara dariya, dariyar ta zama tari, Sadiya ta rugo da ruwa. Da ya lafa ya ce, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi, "Tun da aka dawo da ni gidan nan kowa ya shigo sai ya ce na yi kyau. Limam ya faɗa, 'yan Rano sun faɗa, nas ma ta faɗa. Ke kullum da safe sai kin faɗa. Na ɗauka kowa ya gama sallama ni. Ashe akwai mutum ɗaya da har yanzu yake ganina da rai."

Na tashi na shiga kicin na yi kukana a gaban tukunya. Daga baya ya sa na kira Mista Kolin na ba shi haƙuri, na kuma kara wa Malam wayar a kunne suka yi ta maganar wuya da tutoci har muryarsa ta ƙare.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direban nan na Kumasi da addu'arsa, da Sadiya da ta riƙe gida, da Mista Kolin wanda na zaga bai rama ba, kuma ya zo har maƙabarta ya tsaya daga nesa ranar da muka rasa Malam, kafin azumi. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a.

Washegarin ranar awon nan, da na kawo wa Malam kunu, ya tambaye ni kamar kullum yaya na ga jikin nasa yau. Na ajiye kofin, na zauna, na dube shi sosai.

Na ce, "Ka fi jiya ramewa, Malam. Kuma ina jin tsoro."

Ya ce, "Ni ma." Ya matsa mini wuri a kan gadon.