Hantar Wa Za a Sa wa Ummi?

Jama'a, ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ke rubuta min. Tunda muka dawo Daura daga asibiti na kasa zama wuri ɗaya.

Likita ya ce hantar 'yata Ummi ta lalace, sai dashe a ƙasar waje, kuma tawa ba ta dace ba. Wai ana cire hantar wanda zuciyarsa ta tsaya, in danginsa sun yarda.

Na ce, "Likita, mu da gawa ba ta wuni mun binne, wace uwa za ta bari a tsaga ɗanta?"

Ya ce, "Maman Ummi, da ke ce fa?"



Don Allah ku faɗa min, in na roƙa wa Ummi hanta, mutuwar ɗan wata nake roƙo?