Sandar Ƙofa da Keken Fada

A shekarar da aka sa wa makarantar mishan wutar lantarki malamin kimiyya ya fara sanin Ina-Zuwa. Maigadi ne, gajere mai tumbi, kuma ya samo sunan daga amsar da yake ba duk direban da ya danna masa ham. Yakan faɗe ta yana kwance a benci, ya gyara kwanciya.

A yi masa adalci dai, sandar ƙofar ba abin wasa ba ce. Dogon bututun ƙarfe ne da aka ɗora a kan turke kusa da ƙarshensa, sai mutum ya danne guntun ɓangaren da dukan jikinsa kafin dogon ya tashi. Kafaɗarsa ta fara ciwo. Fada, shugaban makarantar, ya ce in mota ta sake jira ya naɗe tabarmarsa. Ga 'ya'ya cike da gida.

"Malam, duk bokon nan naku babu maganin ƙarfe?" Ina-Zuwa ya tambayi malamin kimiyya.

Malam ya tsuguna ya yi zane a ƙasa. "Abin da ke juya sanda shi ne nauyi sau nisansa daga turke. Ɓangarenka gajere ne, sai ka ƙara masa nauyi. Ɗaura bulo biyu."

"Wato bulo ya yi aikin, ni in karɓi albashi?"

"Kusan haka."

"Ashe ragwaye ne suka ƙirƙiro kimiyya. Da na sani da na shiga aji."

Sai dai Ina-Zuwa yana da nasa lissafin: in biyu sun yi daɗi, ƙari zai fi. Ya jibga bulo, ya haɗa da kan tsohon inji, har sai da igiya ake riƙe dogon ɓangaren a ƙasa. Washegari Fada ya zo duba aiki, ya jingina kekensa a ƙarshen sandar, ƙahon keken ya hau kanta. Ina-Zuwa, don neman yabo, ya kwance igiya.

Sanda ta yi sama da keke. Taya na juyawa, ƙararrawa na kaɗawa, ɗalibai sun cika tagogi. Malam ya dubi fuskar Fada, ya ga aikin maigadi ya ƙare.

"Gwajin 'yan aji uku ne, Fada," in ji shi. "Ni na sa shi."

An yi wa malam tatas a ofis, muƙamin mataimakin shugaba da yake sa rai ya tafi hannun malamin tarihi. Ina-Zuwa ya ci gaba da aikinsa har tsufa. Ko sannu bai ce ba, abin kuwa ya daɗe yana sukar malam.

Bayan ritaya ciwon shanyewar jiki ya zaunar da malam a keken guragu. Dakalin ƙofar gidansa mai tsayi ne, matarsa ba ta iya sauke shi, ya yi watanni bai ga titi ba. Da suka dawo daga wani dogon zama a asibiti, sai suka tarar da gangara ta siminti daga bakin ƙofa har hanya, doguwa mai sauƙin hawa. Ina-Zuwa na zaune a gefe, siminti ya bushe a wandonsa.

"Ragowar aikin surukina ne," in ji shi. "Na rasa inda zan zubar."

Matar malam ta tura keken da hannu ɗaya.