Inna Hansai Ta Je Sayen Ƙwan Fitila

A Karare, da zarar bazara ta kama, duk mai shirin shuka gyaɗa wajen Inna Hansai yake kai irinsa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana wannan aiki. A ɓare gyaɗa a zube mata a faifai, ta bi ƙwaya-ƙwaya tana fidda motsattsa da wadda fumfuna ta taɓa. Abin da ta ce iri ne, shuka shi ka tafi harkarka. Ba ta da faɗa, sai fa in ka ce, "Inna, wannan fa?" To, ranar za ka ji tarihin kakanka.

Da rana awaki ba sa barin ta, sai bayan magariba take zama a tsakar gida. Ta yi aikin da aci-balbal, ta yi da fitilar ƙwai, har ɗanta ya kafa sola ya maƙala mata ƙwan lantarki a bango.

Bana aka samu matsala. Surukarta Ramlat ta zo kwashe irin da aka gama zaɓa, ta ga ɓatattu har bakwai a ciki. Ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙwan nan ne," in ji Inna. "Haske rawaya-rawaya, wa zai ga wani abu da shi?"

Ranar kasuwa ta hau mota sai Batsari, gyaɗa ƙulle a bakin mayafi. Ta shiga shagon Tayyib mai kayan wuta, suka gaisa har da tambayar mutanen gida. Shi kuwa ya hau bayani: ƙwan waje sai mai murfi, saboda ruwan sama. Fari ya fi nuna launi amma yana tara ƙwari, rawaya kuwa ba su cika damunsa ba. Mai ƙarfin wat tara ya ishi tsakar gida, in ya wuce haka sai ya shanye batir.

"Ɗan nan, ban zo karatu ba. Kunna."

Ta baza gyaɗarta a kan bencinsa, can ƙuryar shago. Ya kunna fari, ta ce asibiti ya mai da ta. Ya kunna mai wat goma sha biyu, ta ce kashe ido yake. Ƙwai shida aka gwada, duk ba su yi ba. Tayyib yana ganin ɓatattu a cikin waɗanda ta ware a kan masu kyau ne, amma ya ja bakinsa, don shi ma yana da uwa.

"Shagon naka ne duhu," ta ce. Ta tattara ta fita waje, rana tsaka, ta tsuguna ta zaɓe tas. Daga cikin masu kyau ta ɗauki guda ta jefa a baki. Ɗaci ya cika mata harshe. Ta ɗauki wata, ita ma haka.

Ta daɗe a tsugune. Wallahi abin ya yi mata ciwo. Ta ƙulle mayafin ta koma wajen Tayyib.

"Ɗan nan, ita ranar nan wat nawa ce?"

"Allah kaɗai ya sani, Inna."

"To. Ba ni farin nan mai murfi. Ramlat ce za ta zauna a ƙarƙashinsa, ni kuma in riƙa yi mata faɗa."