Baba Seidu, da karen da ya tsare ƙofarsa

Ina tsaye wajen mai koko a unguwar Dichemso da hantsin Talata ƙanin matar Baba Seidu ya kira ni, ya ce Baba ya rasu. Ban ƙarasa innalillahi ba ya ce in zo maza, don an kasa isa ga gawar. Karensa Duna ya kwanta a bakin ƙofar ɗakin, Mma Hawa kuma tana ciki ita kaɗai da mijinta tun safe. Na bar kokon na tari pragiya, keke mai ƙafa uku, zuwa Moshi Zango.

Baba Seidu maigadi ne. Ya tsufa yana tsaron sito-sito na goro da karnukansa, kuma a hannunsa na koyi aikin. A unguwa irin tamu mai kare ba ya da farin jini. Akwai waɗanda ke jinkirin miƙa masa hannu a masallaci, alhali yana da tufafin salla daban, a rataye inda kare ba ya isa. Bai taɓa yi musu ƙorafi ba. Yakan ba karnuka ruwa kafin ya sha, ya ce su ba su da bakin roƙo.

Duna baƙin kare ne da Baba ya tsinta yana ƙarami, an farfasa masa jiki da sanda. Ya girma ya zama gwanin gadi, amma mafaɗaci. Alhajin da muke yi wa aiki, wanda gidansu gidan kiwo ne, ya ce a fiɗiye shi kamar yadda ake yi wa bunsuru, zai yi sanyi. Baba ya ƙi. Ni kuwa, da rawar kaina, na goyi bayan Alhaji. Da Baba ya tafi arewa gaisuwar mutuwa, na kai karen wajen likitan dabbobi aka yi aikin. Likitan ma ya gargaɗe ni cewa ba kowane faɗa ne wannan ke kashewa ba, na yi kunnen uwar shegu. Da karen ya warke na sake shi da rana, wai ya zama salihi. Wani ɗan dako ya shigo da sanda a hannu, Duna ya kama masa ƙwauri.

Baba ya dawo ya tarar da wannan. Shi ya riƙa kai mutumin asibiti har ya warke, shi ya tsaya gaban Alhaji ya ce laifinsa ne. Ni bai ɗaga mini murya ba, kuma wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Abin da ya ce kawai: "Isifu, ka cire masa bin mata da faɗa da 'yan'uwansa. Tsoro fa? Da tsoro yake cizo, kuma wuƙar likita ba ta kai can." Har yau ina jin kunyar wannan rana.

Da na isa gidan na tarar da tsakar gida cike. Masu wankan gawa suna tsaye da ruwansu, liman yana duban rana, yana cewa a yi jana'iza kafin la'asar. Samari sun kewaye ƙofar da sanduna, wani ya tafi neman mai bindiga. Duna ya sauke kunnuwa, haƙora a waje, duk wanda ya matsa sai ya taso masa. Wani dattijo ya ce da ni, ba an ce an fiɗiye shi ba? Raina ya ɓaci, amma da wa zan yi fushi? Ni na fara yaɗa maganar cewa fiɗiya ta sanyaya shi.

Na roƙe su su ajiye sanduna su fita waje. Ba su so ba, sai da liman ya sa baki. Na ce a ba ni rigar gadin Baba da ke kan igiya. Na zauna a ƙasa nesa da ƙofar da rigar a cinyata, na ba karen gefena, ban dube shi ba, kamar yadda na sha ganin Baba yana yi. Yakan ce wanda ke gaggawa kada ya kusanci kare. Aka kira azahar ina zaune. Na ji muryar mai bindiga a waje, na ji ana gardama da shi. Can gurnanin ya ragu. Na ji numfashinsa a wuyana, ban motsa ba. Ya sunsuni rigar, ya yi wani kuka siriri, ya kwantar da kai a kanta. Na zura masa igiya na ja shi bayan gida.

Mma Hawa ta fito tana dafa bango. Mata suka rufe ta suna tambaya ko karen ya taɓa ta. Ta nemi ni da ido ta ce: "Isifu, ɗana, kada ka bari su harbe shi. Tun da Baba ya cika, shi kaɗai ya taya ni zama." An sallaci Baba kafin la'asar. Yanzu Duna yana wajena.

Allah ya jiƙan Baba Seidu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da tausayin da ya yi wa marasa baki da kuma laifina da ya ɗauka. Allah ya ba Mma Hawa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ya tsare musu gidan da ya bari. Mu kuma ya sa mu cika da imani. Amin.