Kafaɗar Tobin

Wendell Kroeger mai gyaran famfon rijiya ne a wani ƙaramin gari na jihar Nebraska, a Amurka. Duk gonar da ruwanta ya ɗauke, shi ake kira. Amma da an fara girbin masara, sai ya ciro rigarsa mai ratsin baƙi da fari, ya soke ƙyallensa rawaya a ƙugu, wanda alƙali ke jefawa ƙasa in ya ga an karya doka, ya tafi alƙalancin ƙwallon 'yan makaranta a garuruwan nesa, ƙwallon nan irin na Amurka da ake runguma a gudu da shi. Tun yana da baƙin gashi yake wannan aiki, har kansa ya yi fari fat.

A bakin layi yake tsayawa, kuma ba ya kallon ƙwallo. Dokar da ya fi tsarewa ita ce: kafin a miƙo ƙwallo baya ta tsakanin ƙafafu don fara kai hari, mutum ɗaya tak ke da izinin motsi, shi ma gefe ko baya, ban da gaba. Yakan ce ƙafa ta iya ƙarya, kafaɗa ce ba ta iya ba. Haka ya koya wa jikansa Tobin a bayan gida, tsakanin igiyar shanya da matacciyar tarakta, yaron na gudu a karkace, tsohon na tsokanarsa wai agwagwa ma ta fi shi iya taku.

Bai taɓa alƙalancin wasan garinsu ba, don ba a yin haka. Sai Asabar ɗin nan da rana, a wasan da zai iya kai garin gasar jiha, alƙali guda ya kwanta rashin lafiya, aka nemi madadi aka rasa. Kocin baƙi da bakinsa ya ce in Wendell ne, ya yarda.

Lokaci ya kusa ƙarewa, baƙi na gaba da kaɗan. Tobin, da ke buga wa garinsu, ya taso yana gudu a gefe, yadda aka koya masa. Sai zumuɗi ya ja shi, kafaɗarsa ta juya gaba, ƙafa ta bi, ƙwallo kuwa ba ta bar ƙasa ba tukuna. Ya cafe ta, ya ratsa mutane, ya faɗa gidan ci. Gari ya ɗauki sowa.

Ƙyallen Wendell kuwa tuni yana kwance a kan ciyawa.

Aka soke cin, aka mai da su baya yadi biyar, suka sake gwadawa, abin bai yiwu ba har wasa ya tashi. Waɗanda Wendell ya gyara wa rijiyoyi suka bi shi da baƙaƙen maganganu. 'Yarsa Marlys, uwar Tobin, ta wuce shi ko kallo babu. Ya tsaya shi kaɗai yana tunanin ko gobe Lahadi akwai kujerarsa a teburinta. Ƙyallen ma bai iya sunkuyawa ya ɗauka karo na biyu ba, da ya zame masa daga ƙugu.

Tobin ne ya ɗauko shi, ido jajir, hular ƙarfe a hammata.

"Tsoho, ashe idon nan bai mutu ba?"

"Kai dai agwagwa, kafaɗarka ce ta kai ƙararka."

"Na sani. Tun ina juyawa na ji a jikina." Ya soke masa ƙyallen a ƙugu da hannunsa. "Gobe ka zo da wuri, akwai gasasshen nama. Mama kuwa bar ni da ita."