Shayin da Ya Kusa Sa Ni Takaba

Ko zan manta komai na zamanmu a unguwar Kwamba, nan kusa da Abuja, ban da safiyar Asabar ɗin da maigidana ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, ina durƙushe a kansa da ƙwayar magani, saura ƙiris in ƙarasa shi da hannuna.

Gyaran firji yake yi a Abuja, da asuba yake bin mota. Shekara biyu yana fama da hawan jini, ƙwaya ɗaya kowace safiya, kuma ya tsani ƙwayar nan kamar me. Kullum sai na tsaya a kansa kafin ya haɗiye. Wata rana sai ga shi da garin ganye a ƙullin leda, wai abokin aikinsa ne ya ba shi, yana saukar da jini. Ya ce in riƙa barbaɗa masa kaɗan a shayi. Na shinshina, na ji na'a-na'a da citta da wani wari-wari da ban gane ba. Ni da na tashi a gidan da ko sigari ba a sha, ina zan san wiwi in ba a baki ba?

Ranar nan dai rawar kai ta ɗebe ni. Na ce tunda magani ne, bari in cika cokali ya warke da wuri. Na tafasa shi da madara ya yi kauri. Ya sha ƙwayarsa, ya kora da kofi biyu na shayin, ya zauna a tabarma yana jiran lokacin ɗaurin aure a unguwar Bagama. Can na lura idonsa ya kaɗa, yana ta dafe ƙirji. Ya ce zuciyarsa ke bugawa da sauri, bari ya tashi ya sha iska. Miƙewarsa ke nan ya zube kamar buhun masara.

Abu ɗaya ya zo mini: jininsa ya hau. Na ruga ɗaki na ɓallo wata ƙwayar, na tallabo kansa ina ƙoƙarin buɗe masa baki. Sai na ji an riƙe mini hannu. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Filato, nas ce a wani asibiti, duk gidan Sista muke ce mata. Ta fito shanya ne, hannunta duk kumfa.

"Maman yara, me za ki ba shi?"

"Maganinsa mana, Sista, jininsa ya hau."

"Wa ya auna? Ajiye tukuna."

Haushinta na ji a lokacin, Allah ya yafe mini. Ta kwantar da shi, ta ɗora ƙafafunsa a kan bokiti, ta ɗauko abin awonta. Ta kalli abin, ta kalle ni. "Ba hawa ya yi ba, faɗuwa ya yi. Da kin ƙara masa wannan, da wani labarin muke yi."

Jim kaɗan ya buɗe ido yana tambayar ina hularsa. Sista ta ce me ya ci, na kawo mata ledar. Shinshinawa ɗaya ta ɗaure fuska. "Oga, ka san mene ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "An ce mini tana saukar da jini."

Ashe ya sani. Ni ce kaɗai doluwar da ke dafa wa mijinta wiwi da bismillah.

A cikin Keke Napep, kan hanyar asibiti, Sista ta yi mana bayani. Ta ce wiwi na sa zuciya gudu, da farko ma tana iya ɗaga jinin, sannan ta saki jijiyoyi, in mutum ya miƙe farat ɗaya jini ya kasa kaiwa kansa. Ga kuma ƙwayar hawan jini tana nata aikin. Ta ce wannan ba sauƙi ba ne, wasa da rai ne. Likita ma abin da ya faɗa ke nan bayan an yi wa maigidan ƙarin ruwa.

Da la'asar muka dawo, yana tafiya da ƙafarsa. Na tanadi faɗa mai yawa, amma da na gan shi zaune yana cin tuwo sai kuka ya ƙwace mini. Ya ce in yi haƙuri, gajiya da ƙwaya ce ta kai shi. Na ce ya ci gaba da gajiyar, na fi son sa a gajiye da in yi masa takaba. Da hannunsa ya juye ledar a kwata.

Yau shekaru sun ja, yana nan da ransa, yana haɗiyar ƙwayarsa yana mita, ni kuma mitar nan daɗi take mini. Tun ranar na koyi abu biyu. Ganyen da ba a faɗa mini sunansa ba, ba ya shiga tukunyata. Kuma in mai hawan jini ya faɗi, a auna kafin a ba shi komai, don tsorona ya kusa yi masa abin da ciwon bai yi ba.