Bolt Ɗari Biyar da Tamanin a Teburin Mai Naɗi

Shekara talatin da ɗaya Mai Naɗi ya yi yana naɗa wayar tagulla a injin fanka, injin famfon ruwa da taransifoma, a wani shago mai ƙofa ɗaya tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Aikinsa ba ya dawowa, wannan kowa ya sani. Abin da kowa ya ƙara sani shi ne gaggawarsa. A tsaye yake shan shayi, yana tafiya yake amsa gaisuwa, kuma kafin ka gama faɗa masa abin da ke damun injinka ya riga ya kwance murfin. Shi ne na bakwai kuma na ƙarshe a ɗakinsu, don haka duk da furfurar da ta cika masa gemu, babban yayansa bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta.

Yayan ya yi shekara ashirin da takwas yana ɗaukar sauti a wani gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Yana da wani hedifon da tsohon maigidansa a wurin aiki ya bar masa, ba irin wanda ake gani a kasuwa ba. A cikin kowane kunne akwai wata leda da ta fi ɓawon albasa siranta, an miƙe ta tsakanin faranti biyu masu huji-huji, kuma ba ta motsi sai an ba ta wuta bolt ɗari biyar da tamanin. Idan wutar ta zarce da yawa, tartsatsi zai huda ledar, shi ke nan, don ba a ƙera irinta yanzu. Amfilifayar da ke ba shi wutar ta ƙone shekara goma sha tara da suka wuce. Tun daga lokacin hedifon ɗin ke naɗe cikin tawul, a akwati, a saman kabad.

Sau uku Mai Naɗi yana roƙo a ba shi ya haɗa masa sabuwar amfilifaya. Sau biyu Yaya ya ce a bar zancen. A na uku ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau.

"Haɗa tukuna," ya ce. "Ranar da ka gama, ni zan kawo shi da hannuna. In ka huda min shi, Auta, babu wani a duniya."

Da wannan maganar Mai Naɗi ya dawo gida yana murna kamar an ba shi kyautar mota. A ranar ya share rabin teburin da matarsa ke yanka yadi a kai, domin ita tela ce, a gida take ɗinki. Ta tsaya da almakashi a hannu tana kallon kayanta suna komawa gefe.

"Baban yara, shagon naka rushewa ya yi?"

"Wannan ba aikin shago ba ne. Can ƙura, can surutu. Wata ɗaya kawai."

Wata huɗu da kwana tara aikin ya ci. Taransifomar da kansa ya naɗa ta, zagaye dubu biyu da ɗari da arba'in, yana ƙirgawa da ƙarfi, ya hana kowa yi masa magana. A zagaye na dubu da ɗari shida maƙwabciya ta yi sallama, lissafi ya ɓace, ya warware ya sake daga farko yana dariya. Kwalabe huɗu irin na rediyon da, masu yin ja idan sun yi zafi, ya samo su wurin wani tsohon mai gyara da ya daina aiki. Akwatin kuma mai walda ya lanƙwasa masa da falle na alminiyom. Duk wanda ya zo shago da fanka sai ya tafi da labarin leda da faranti, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Wuta irin wannan tana kisa, kuma tana zama a cikin kayan ko bayan an cire fulogi. Masu aikin suna da ƙa'ida: hannu ɗaya ke taɓawa, ɗayan yana cikin aljihu, don kada wutar ta bi ta ƙirji. To Mai Naɗi da hannu biyu yake magana. Da matar ta ji ƙa'idar, sai ta ɗinka wa rigar aikinsa wani zurfafan aljihu a hagu, wanda ke haɗiye hannu har gwiwar hannu. Tunda hannu ɗaya na aljihu ɗaya na riƙe da tsinken mitar auna wuta, rubutu ya koma wurinta. A bayan littafin da take rubuta awon kwastomomi ta ja layi uku: rana, wurin da aka auna, abin da mita ta nuna.

Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe Yaya ya iso, akwatin a rungume a ƙirjinsa. Ya zauna, ya ɗora shi a cinya, bai buɗe ba.

"Sannu da zuwa, Yaya. Kawo in ajiye maka," in ji matar.

"Bar shi nan, ƙanwata. Mijin nan naki ko cokali ya ara sai ya dawo a lanƙwashe."

"Ai yanzu ya girma."

"A gemu."

Mai Naɗi bai ma ji su ba. Ya kunna amfilifayar, kwalaben suka fara ja a hankali, ya yi ta zagaya teburin yana shinshina ko akwai ƙauri. Babu. Saura awo na ƙarshe, a bakin soket ɗin da hedifon zai shiga. Ya tura hannun hagu aljihu, ya ɗora tsinke.

"Ɗari biyu da casa'in," ya ce. Murnar ta ɗan dushe. Ya kashe, ya jira wutar ta sauka, ya kunna, ya sake aunawa. "Ɗari biyu da casa'in. Ta yi ƙasa. Ba komai, akwai wurin ƙarawa, yanzu zan murɗa ta hau."

Har ya ɗauki sukurdireba. Matar tana kallon littafinta, bakin biro a haƙori.

"Dakata. Nawa ka ce ake so?"

"Ɗari biyar da tamanin. Matsa min, kina tare haske."

"Ɗari biyu da casa'in sau biyu nawa ne?"

Ya tsaya.

"Ni ban san wuta ba," ta ce. "Amma in na auna yadi ya fito rabi cif, ba ƙari ba ragi, ba na cewa an cuce ni. Dubawa nake ko a ninke yake."

Mai Naɗi ya ajiye sukurdireban a hankali, abin da ba a saba gani ba. Ya jawo zanen aikin ya bi layin da yatsa. Dab da soket ɗin akwai wani ɗan rasista da ya sa da hannunsa, mai rage gudun wuta don ya kare mai saurare. Ƙarfinsa na tare wuta daidai yake da na cikin mitarsa. Duk lokacin da ya ɗora tsinke a bayansa, sai su biyun su raba wutar gida biyu, mita ta nuna rabi. Shekara talatin yana auna injina da wannan mitar, bai taɓa haɗuwa da layin da ita kanta za ta rage masa wuta ba. Ya mayar da tsinken gaban rasistan.

"Karanta min, idona rawa yake."

Ta leƙa. "Ɗari biyar da saba'in da tara."

Da ya murɗa har soket ya nuna abin da yake nema, da wutar ta ninka, da ledar ta huje a sakan na farko. Ya waiwaya ya dubi yayansa, wanda ya ji komai kuma ya fi kowa sanin ma'anarsa. Yaya ya miƙa hannu aka ba shi littafin, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, awon wata huɗu a jere, yana gyaɗa kai. Sannan ya buɗe akwatin, ya warware tawul.

Da kansa ya soka fulogin. Ya ba da wani tsohon faifai da shi ya ɗauki sautinsa a zamanin aikinsa, aka ɗora shi a garmaho, ya sa hedifon, ya rufe ido. Mai Naɗi ya murɗa ƙara kaɗan-kaɗan, yana tsaye a kan yatsun ƙafa. Minti ɗaya, biyu. Can sai Yaya ya ɗaga yatsa.

"Kujera," ya faɗa da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ke rufe. "Kun ji? Kujerar mai ganga ce ta yi ƙara. Sau nawa na ce a canza ta. Ga ma numfashin mai busa, kafin ya shiga."

"Yaya, mu ba ma jin komai," in ji matar tana dariya.

Yaya ya cire, ya share ido da bayan hannu, ya ɗora wa ƙaninsa a kai. Mai Naɗi ya daskare. Sautin bai yi kama da mai fitowa daga wani abu ba, kamar makaɗan suna tsaye ne a bayansa, har ya juya ya duba. Ya fara bayani da hannu biyu, yana nuna dama yana nuna hagu, babu wanda ya gane abin da yake cewa.

Da rana ta yi, Yaya ya miƙe zai tafi. Ya ninke tawul ɗin ya sa a akwati, ya rufe, ya bar hedifon a kan tebur kusa da almakashi.

"Yaya, ka manta da shi."

"Ban manta ba. Amfilifayar nan ta fi ƙarfin bayana, kuma ba na son a yi ta jijjiga ta a mota. Ya zauna nan. Zan riƙa zuwa duk Asabar, ina da faifai arba'in da shida." Ya juya ga matar. "Ƙanwata, ki nemo masa kujera. Wannan abin ba a jinsa a tsaye."